Yadda ake more jirgin ƙasan Gaundare, da yadda zaka haɗa naka ƙarami a gida

Yawancin mutanenmu nan arewacin Kamaru jirgin ƙasa a wurinsu abun hawa ne kawai, a shiga da daddare a Gaundare, a ja bargo, a farka a Yawunde, shikenan. Toh amma akwai irinmu da Allah ya jarabta da son ƙarfen kansa, ƙarar ƙafafunsa a kan dogo, hon ɗin da yake dannawa in zai shiga gar, wato tasha, yadda taragai suke bin juna in an zo kwana. Bayanin nan namu ne, da kuma wanda abun ke ɗan motsa masa a rai amma yana jin kunya kar a ce babba da shi yana wasan yara. Malam cire kunyar nan, a birnin Hambug na Jamus akwai wani gida Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, cike yake da ƙananan jirage suna zagaya ƙananan garuruwa, kuma dattawa masu furfura ne ke bin layi suna biyan kuɗi su kalla.

Mu kuma ba sai mun je ko'ina ba, dogon a ƙofar gidanmu ya ƙare. An fara aikin shimfiɗa shi daga Yawunde a 1964, ya kai Belabo a 1969, ya iso Gaundare a 1974 zamanin Ahmadu Ahijo, kilomita wajen 622 kenan. Daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba, shi ya sa kayan Garwa da Marwa da na Cadi duk a nan ake sauke su a loda wa manyan motoci. 'Yan uwanmu na Njamena da Mundu ku ma Gaundare ce tasharku tunda Cadi ba ta da dogo, an daɗe dai ana maganar jan shi zuwa can.

Kashi na farko, tafiyar kanta

Abu na farko ka yanke shawarar wane ɓangare kake son gani da ido, don nan ne mutane suke yin asara ba su sani ba. Jirgin fasinja na dare ne, yana tashi bayan magariba ya isa da hantsi, awa 14 ko fiye, kaga kenan mafi yawan hanyar cikin duhu za a yi ta, abun da zaka gani shi ne ɗan abun da ya rage bayan asuba. In daga Gaundare ka tashi, gari zai waye maka a kudu, wajajen Nanga Eboko, sai kurmi da ayaba da kwakwar manja, da gonakin rake na Mbanjok da ido ba ya ganin ƙarshensu, sannan Obala, sannan Yawunde. In kuma dawowa kake, asuba zata same ka a saman tudun Adamawa, wajajen Ngaundal, ciyawa da tsaunuka da hazo kwance a kwari, da garken shanu da rugage nan da can. Ni a wurina dawowar ta fi, nesa ba kusa ba, musamman ƙarshen damina da ko'ina ya yi shar. Saboda haka kar ka tafi a jirgi ka dawo a bas kace ka ga hanya, rabi ka gani. In dole sai ɗaya zaka zaɓa, tafi a mota ka dawo a jirgi.

Na biyu biye, wato tikiti. Jeka gar da kanka tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da katin shaidarka, baƙo kuma da fasfo ko takardunsa. Lokacin hutun makaranta da gab da sallah wuri yana ƙarewa da wuri, kar ka bari sai ranar. Kuɗi da lokacin tashi ka tambaya a gishe, wato tagar yankan biye, kuma a gishen zaka biya, duk wanda ya tare ka a waje yace zai samo maka wuri kace masa ka gode. Akwai kujerun aji na biyu, akwai na aji na ɗaya, sai kuma kushet mai gado huɗu da mai gado biyu. Mai son kallo in aljihu zai iya ya ɗauki kushet, ba wai don jin daɗi kawai ba, dalili shi ne kana buƙatar barci da daddare don idonka ya buɗe da asuba, wanda ya kwana a zaune da jaka a cinya daidai lokacin da gari ke wayewa ne gyangyaɗi ke kwashe shi. Gadon ƙasa ya fi, shi ne daidai taga. Hajiya in ke kaɗai ce ki faɗa musu tun wurin yankan biye a haɗa ki da mata, in kuma da maigida ne ku kama mai gado biyu ku huta.

Mutanen Garwa, Marwa da Kuseri, dan Allah ku kwana a Gaundare ko ku kamo motar sassafe. Hawan dutsen nan na kafin a shigo gari ba a yi masa alƙawarin lokaci, babbar mota ɗaya ta lalace a kwana ta isa ta sa ku iso jirgi ya tafi.

Na uku kayan tafiya, kuma ba yawa ake so ba. Rigar sanyi ko mayafi mai kauri, don Gaundare ta haura mita 1,000 a sama, sanyin asubar hunturu a tudun nan ba ya wasa. Tocila, fawa bank cike, buta, ruwan sha, ɗan tsumma na goge gilashin taga, ƙaramin littafi da biro, da canji, wato ƙananan kuɗi masu yawa. Kilishi kam ba sai na faɗa wa ɗan Gaundare ba. Zancen sallah kuma ka yi magariba kafin ka shiga, matafiyi yana da sauƙin da addini ya ba shi, ka tambayi malaminku tun a gida yadda zaka yi da isha da asuba don kar ka tsaya jayayya da mutane cikin tarago.

Na huɗu, ka iso gar da sauran rana. Awa biyu kafin tashi ba ɓata lokaci bane, lokacin ne ake ainihin kallon. Tsaya inda aka yarda fasinja ya tsaya ka ga yadda ake haɗa taragai, yadda kan jirgi ke ja da baya a hankali har ya sumbaci na farko, ma'aikaci ya shiga tsakani ya haɗa bututun birki. Dubi lambar da ke jikin kan jirgin ka rubuta. In ka ga ta fara da CC, ma'anarsa ƙafafunsa rukuni biyu ne kowanne da gatari uku, in BB ne kowanne gatari biyu, tsarin Faransawa ne. Dukkansu da gas suke aiki, babu wayar lantarki a saman dogonmu. Sannan ka kalli faɗin dogon, tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita 1 ne cif, tun Jamusawa da suka fara shimfiɗawa daga Duwala haka suka sa, da Faransawa suka ƙarasa shi Yawunde a 1927 haka suka bi. Tsohon na Najeriya milimita 1,067 ne, sabon na Abuja zuwa Kaduna kuma 1,435, kaga jirginsu ba zai iya hawa namu ba ko da an haɗa. Riƙe wannan mita ɗayan a kai, zai yi mana amfani in mun zo gini.

Hoto fa a yi hankali. Tambayi ma'aikacin Camrail, wato kamfanin jirgin, da ke kusa kafin ka ɗaga waya, gaisuwa mai kyau irin jam na ta Fulatanci tana buɗe ƙofa, wani ma har ya tsaya ya yi maka bayani. Jandarma, soja, ɗan sanda, kar su shiga hotonka ko da a gefe. Kuma kar son hoto ya kai ka kan dogo ko ƙarƙashin tarago, jirgi ba mota bane da za a taka birki ya tsaya nan take.

Na biyar, cikin dare. Kar ka kwanta da wuri. In an bar gari kashe fitilar ɗakin in abokan kwana sun yarda, idonka zai saba da duhu, in da farin wata zaka ga daji sarai. Duk tashar da aka tsaya rubuta sunanta da lokaci, Makor, Ngaundal, Mbitom, Goyum, Belabo. Zaka lura wani lokaci an tsaya a ƙaramar tasha shiru ba dalili, toh da dalili, dogon ɗaya ne tilo, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashar da ke da layi na biyu, ana jiran na gaba ne ya iso. Leƙa ka ga me ya ɗauko, tankokin mai, kwantena, gumaguman katako, taragan shanu. A nan mai son jirgi ya bambanta da sauran fasinja, su suna tsaki ana makara, kai kuwa duk awa ɗaya da aka makara ƙarin awa ɗaya ce ta hasken rana da safe.

Tashoshin nan kuma kasuwa ce ko ƙarfe nawa ne, mata da yara da tire a ka suna bin tagogi, zuma, ayaba, gyaɗa, bobolo, abarba in an gangara kudu. Amfanin canjin kenan. Karɓi kayanka kafin ka miƙa kuɗi ko ku yi hannu da hannu, kuma kai ma kar ka ja ciniki har jirgi ya motsa da kuɗin yarinyar mutane a hannunka, Allah yana gani. Waya kar ta kwana kusa da buɗaɗɗiyar taga, ƙofar kushet a kulle ta ciki. Belabo kusan rabin hanya ce kuma ana ɗan jimawa, in ka sauka miƙe ƙafa kar ka yi nisa da taragonka.

Na shida, sa ƙararrawar waya ƙarfe biyar. In kudu ka nufa ka fi mayar da hankali tagar dama, ta nan kogin Sanaga yake ɓullowa ya ɓace tsakanin itatuwa. In kana son bidiyon da ya fi kowanne kyau jira kwana, in taragonka na baya ne zaka hango kan jirgin da rabin taragai sun lanƙwasa a gabanka. Daga cikin taga zaka ɗauka, kar ka fitar da kai ko hannu, rassa suna kusa, tsayuwa a bakin ƙofa kuwa ko da wasa. Ka ɗauki hotunan abubuwan da kowa ke rainawa, ginin ƙaramar tasha, launin ƙasa, allon sunan gari, yadda duwatsu suke kwance ƙarƙashin dogo. Su ne kayan aikinka na gaba.

Kashi na biyu, gina naka

Duk wanda ya taso a nan ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa, toh wannan ita ce dai aka ƙara mata awo. Awon shi ne komai, in mutum ya fi tarago tsawo ko saniya ta kai girman tasha duk wahalarka ta tashi a banza.

Fara da zaɓen sikeli. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato an rage komai sau 87, faɗin dogonsa milimita 16.5, sai N da aka rage sau 160 mai dogo milimita 9. Kamfanoni irin su Märklin, Roco, Jouef da Hornby ke yin su, a nan kuwa sai in wani ɗan uwa zai taho daga Faransa ko ka yi sa'a a kayan gwanjo. Shawarata ga mai yi da hannu ya manta da su ya ɗauki 1 bisa 50. Dalili, lissafin ba ya buƙatar kalkuleta, kowace mita 1 santimita 2 ce. Dogonmu mita 1 ne, kenan tsakanin ƙarafanka santimita 2 cif. Mutum santimita 3 da rabi. Ƙaramar kwantena mai mita 6 zata zama santimita 12 a tsawo, kusan 5 a faɗi, 5 da ɗan ɗoriya a tsaye. Taragon fasinja mai mita 20 santimita 40. Kuma girman ya isa yatsun babban mutum su riƙe ba tare da ya yi ta zage-zage ba.

In kuma Allah ya haɗa ka da tsohon jirgin HO mai inji, ga dabara, cire gangar jikin Turawan ka bar ƙafafu da injin, ka gina masa sabon jiki a 1 bisa 60. Raba 1,000 da 16.5 ka gani, 60 da 'yan kai zai ba ka, wato dogon HO ya zama dogon mita ɗaya irin namu, kuma ƙananan motocin ƙarfe na yara da ake saidawa a kasuwa kusan girmansu kenan. Sai dai ka duba jikin taransifomarsa, in daga Amurka ya fito na wuta 110 ne, tamu 220, kana jonawa ka ji ƙauri.

Sai allo. Jeka wurin kafinta ya yanka maka filawud mai tsawon santimita 120 da faɗi 40, ya buga masa katako ta ƙasa kar ya lanƙwashe, ka shafe shi da fenti ciki da waje saboda gara da laima. Kar ka fara da zagaye. Kowa so yake ya ga jirginsa yana kewayawa, amma kwana ita ce mafi wuya, miƙaƙƙen layi ɗaya da ƙaramar tasha a gefe ya ishe ka na farko.

Shimfiɗa dogo. Ja layi biyu da fensir da rula, santimita 2 tsakaninsu. Katakan da ke kwance ƙarƙashin dogo ka yi su da tsinken tsire ko ɓawon kara, tsawon santimita 4, ka jera da tazarar santimita 1 da 'yar ɗoriya, ka manna da farin gam na kafinta. Ƙarfen dogon kuma siririn rodin walda da aka kankare, ko sifokin keke, ko miƙaƙƙiyar wayar alminiyom. Kafin ka manna yanka ɗan katako mai faɗin santimita 2 daidai, ka riƙa zura shi tsakanin ƙarafan kana tafiya kana ɗiga gam mai kamawa nan take, shi ne ma'auninka, ido yana yaudara. Wurin haɗin ƙarfe biyu ka goge da fayil har yatsa ya wuce bai ji tudu ba.

Duwatsun dogo, nan ne aikin ke fara kama da gaske. Samo yashi mai tsakuwa ka tankaɗe sau biyu, na farko da rariya mai manyan ido a fitar da manya, na biyu da ta gari a fitar da ƙura, na tsakiyar kake so. Wanke, shanya, zuba tsakanin katakan da cokali, share saman da tsohon buroshin haƙori. Sai ka haɗa farin gam da ruwa rabi da rabi, ka sa ɗigon sabulun ruwa ɗaya don ya ratsa, ka ɗiɗɗiga da sirinji. Zai yi fari fat kamar ka zubar da nono, kar ka tsorata kar kuma ka taɓa, in ya kwana ya bushe farin zai ɓace duwatsun su kame.

Ƙasa kuma kar ka yi fenti, ta gaske zaka sa, jar ƙasar Adamawa a tankaɗe, a baza a rana ta gasu sosai don ƙwari su mutu, a shafa gam a barbaɗa. Tudu da dunƙulallen jarida ake yi, a rufe da tsumma da aka tsoma a ruwan gam. Kar ka yi da koko ko sitaci duk da sun fi araha, kyankyasai da ɓeraye ne za su cinye maka tsaunin cikin mako. Ciyawa garin katako ne daga wurin kafinta, a rina da koren fenti mai ruwa, in rani kake so ka bar shi da launinsa. Itace kuma tsohuwar wayar wuta mai silli-silli, a murɗe ƙasan ya zama gindi, a baza saman ya zama rassa, a manna marmashin soson katifa da aka rina. Bukkoki da kwali, jinka da bakin tsintsiya. Shanu ka ba yara yumɓu su gina maka, sun fi ka iyawa, ka dai ce musu tsawon kar ya wuce santimita 4 zuwa 5 kuma a yi musu tozo irin na gudali.

Taragai da kwali mai tauri ko gwangwanin madara da aka buɗe aka miƙar. Fara da kwantena don akwati ce kawai, sannan tankin mai da guntun bututun roba mai faɗin santimita 5, kan jirgi sai hannu ya faɗa. Ƙafa ita ce ke ba kowa ciwon kai, murfin kwalba ba ya zama a kan dogo. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta zamewa, don haka kowace ƙafa wosha biyu ce ko maɓalli biyu a manne, ƙarami da babba, ƙaramin ya hau dogo babban ya sauka ta cikinsa. Bar ɗan wasa na milimita 1 tsakanin leɓen da ƙarfe, in ya matse ba zai gangara ba. Sa ƙusa ko guntun ƙarfe a cikin kowane tarago ta ƙasa, mara nauyi da ya ji ɗan tudu zai kife.

In kana son ya yi tafiya da kansa, je wurin mai gyaran rediyo ka nemi ƙaramin injin da ke tura tiren tsohon DVD, ko na motar yara da ta lalace. Haɗa shi da gatari da robar ɗaure kuɗi, ƙaramar dabara a jikin injin babba a jikin gatari don gudun ya ragu, jirgin da ke tsere ba ya kama da na gaske. Batir biyu na rimot da makunni, ka ɓoye su cikin jikin kan jirgin. Batir a ciki ya fi a bi da wuta ta dogo irin na Turawa, su ba su da ƙurar hunturu, mu kuwa kwana biyu dogon ya yi datti wuta ta daina wucewa.

Maganar ƙurar ma, ka sa tela ya ɗinka maka murfi da leda mai kauri ko ka haɗa na kwali tun ranar farko, kuma allon a ɗora shi saman durowa ko a rataye a bango inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa, don woshar nan da maɓallan baki suke kaiwa. Manyan kuma ka ba kowa aikinsa, wannan itatuwa wancan shanu, amma gam mai kamawa nan take da reza su zauna a aljihunka.